Zagayayyun haruffa

Zagayayyun haruffa rukuni ne na salon haruffan ɗab'i waɗanda aka goge wa kusurwa, ta yadda kowane layi na harafi yake ƙarewa da lanƙwasa maimakon tsini ko yanka a miƙe. Yawancinsu masu kauri ne, kuma an zana su ne domin a gan su da girma: a kanun labarai, allunan shaguna, tambarin kamfanoni, kwalayen kaya, bangon littattafan yara da fuskar manhajojin waya. Saboda haka ana lissafa su cikin haruffan kanu, wato waɗanda ba a yi su domin dogon rubutu ba. Fitattu a cikinsu sun haɗa da Cooper Black, VAG Rounded, Frankfurter, Arial Rounded da Comic Sans. Masu zane suna ɗaukar su idan suna son rubutu ya zo da fara'a, wasa ko sauƙin kai, kuma wannan halin ne yake jawo musu suka duk lokacin da aka sa su inda ake bukatar natsuwa.

Siffofi

Ba zubi ɗaya ba ne duk zagayayyun haruffa suke da shi. Akwai marasa ƙafa, waɗanda layinsu kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, kamar an lanƙwasa su daga bututu. VAG Rounded da Arial Rounded suna cikin waɗannan. Akwai masu ƙafa, wato masu 'yan ƙananan layukan nan da ke gindin harafi da kansa, amma an kumbura ƙafafun har sun zama kamar curi. Cooper Black ne uban wannan gida. Sai na uku, masu kwaikwayon rubutun hannu, kamar Comic Sans, inda layin ba ya miƙewa sosai kuma haruffa ba sa zama daidai wa daida da juna.

Abin da ya haɗa su shi ne kaurin layi, dogayen ƙananan baƙaƙe idan aka gwada su da manyan, da kuma ƙanƙantar farin da ke cikin haruffa irin su a, e da o. Wannan na ƙarshen shi ne rauninsu. Idan aka rage musu girma, farin cikin harafi yana toshewa, sai e ta koma kamar o.

Zana su ya fi yadda ake tsammani wuya. Wanda ya ɗauki harafi mai kusurwa ya goge masa baki kawai, zai tarar ya gajarce a ido, domin lanƙwasa ba ta taɓa layin rubutu sai a ɗigo ɗaya. Dole mai zane ya ɗan tsawaita layin ya wuce iyakarsa kafin ido ya ga ya daidaita da sauran. Haka kuma mahaɗar layuka, kamar tsakiyar k ko gindin v, tana cika da baƙi, sai an rage mata kauri da hannu. Tazarar da ke tsakanin haruffa ma sai an sake auna ta, saboda zagayayyen gefe yana barin fili fiye da miƙaƙƙe.

Asali

Haruffa marasa ƙafa masu zagayayyen baki sun bayyana a kundin samfurin maɗaba'un Ingila tun cikin shekarun 1830, lokacin da tallar bango ta fara bunƙasa kuma masu ɗab'i suke neman duk wani salo da zai tsayar da mai wucewa. Kayan aiki ma sun taimaka. A shekarar 1827 Darius Wells ya ƙirƙiro injin sassaƙa haruffan katako a New York, kuma a 1834 William Leavenworth ya haɗa shi da na'urar da ke kwafar zane ta ƙara masa girma ko ta rage. Bakin injin yana juyawa ne kamar na huda, don haka lanƙwasa ta fi masa sauƙi. Kusurwa mai kaifi daga ciki sai an bi ta da wuƙa daga baya.

Wannan dalili ne ya sa haruffan da ake sassaƙawa a jikin faranti na ƙarfe ko roba, kamar sunayen da ke ƙofar ofis da lambobin jikin injuna, suke da zagayayyen baki. Haka rubutun masu zanen gine-gine, wanda ake yi da alƙalami mai bakin bututu. A waɗannan wurare babu maganar wasa ko fara'a. Kayan aikin ne suka tilasta siffar. Sai daga baya masu talla suka lura cewa mutane suna ganin irin wannan harafi da taushi, suka mai da shi abin zaɓi.

Cooper Black

Oswald Bruce Cooper, wanda aka haifa a jihar Ohio ta Amurka a 1879 kuma ya rasu a 1940, ya tashi a Kansas, inda ya fara koyon aikin maɗaba'a yana saurayi. Ya koma Shikago ya shiga makarantar zane ta Frank Holme, inda Frederic Goudy yake koyar da zanen haruffa. A 1904 ya buɗe kamfani tare da Fred Bertsch, suna yi wa 'yan kasuwa rubutun talla da hannu. Kamfanin zuba haruffan dalma na Barnhart Brothers & Spindler, shi ma a Shikago, ya nemi Cooper ya mai da rubutun hannunsa haruffan ɗab'i. Mafi kauri a cikin dangin, Cooper Black, ya fito a 1922.

Harafin bai yi kama da komai da ke kasuwa a lokacin ba. Babu miƙaƙƙen layi ko ɗaya a gefensa, gindin ƙafafunsa ma a lanƙwashe yake, ɗigon i da j kamar ƙwai suke, kuma farin da ke cikin o ya karkata baya. Duk da nauyinsa, yana karantuwa daga nesa. An tallata shi da barkwancin cewa an yi shi ne domin masu ɗab'i masu hangen nesa waɗanda abokan cinikinsu ba sa gani sai kusa. Masu ra'ayin tsohon salo sun ƙi shi, amma 'yan talla sun rungume shi, har sauran kamfanoni suka shiga fitar da nasu. Kamfanin Lanston Monotype ya fitar da Goudy Heavyface a 1925, wanda tsohon malamin Cooper ɗin ya zana domin ya yi gogayya da aikin ɗalibinsa. Shi kuma Cooper ya ƙara wa dangin wasu 'yan'uwa, ciki har da mai karkata da matsattse.

Bayan yaƙin duniya na biyu harafin ya ja baya, lokacin da salon Siwizalan mai tsafta da miƙaƙƙun layuka, irin na Helvetica, ya mamaye aikin zane. Ya dawo a tsakiyar shekarun 1960. An yi amfani da shi a bangon faifan Pet Sounds na ƙungiyar Beach Boys a 1966, da L.A. Woman na ƙungiyar The Doors a 1971, sannan ya zama harafin da ake mannawa da dutsen guga a jikin riguna a shekarun 1970. Littattafan barkwanci na kyanwar nan Garfield ma da shi aka san su. Kamfanin jiragen sama na easyJet, wanda aka kafa a Birtaniya a 1995, ya ɗauke shi ya yi tambarinsa, fari a kan ruwan lemo, kuma jiragensa na farko suna ɗauke da lambar wayar sayen tikiti da manyan lambobi a jikinsu. Zaɓin ya dace da saƙon kamfanin na araha da rashin ƙaƙale. Saboda an saka Cooper Black cikin manhajojin Microsoft Office, ya shiga hannun duk mai kwamfuta, shi ya sa ake ganinsa a allunan ƙananan shaguna a ƙasashe da yawa. Haruffan talla kaɗan ne suka shekara ɗari ana amfani da su ba tare da an sake musu fasali ba.

Letraset da VAG Rounded

A farkon shekarun 1960 kamfanin Letraset na Landan ya fara sayar da haruffa a jikin takardar roba, waɗanda ake gogawa su manne a kan takarda. Wannan ya ba ɗalibai da ƙananan masu zane damar yin kanu ba tare da zuwa maɗaba'a ba, kuma kamfanin ya riƙa fitar da sababbin salo masu ɗaukar ido. Ɗaya daga cikinsu shi ne Frankfurter na 1970, wanda aka raɗa wa sunan wani dogon curin nama na Jamus saboda kamannin layukansa. A daidai wannan zamani, matasan unguwar Bronx a New York masu rubutu da fenti a jikin jiragen ƙasa suka fito da haruffa masu kama da kumfa, salon da ake danganta farkonsa ga mai zanen da ake kira Phase 2.

VAG Rounded kuwa daga matsalar kamfani ya fito. Volkswagen ya mallaki Audi, kuma a ƙarshen shekarun 1970 yana son haɗa dillalan motocin biyu ƙarƙashin suna ɗaya, V.A.G. Volkswagen yana amfani da Futura, marar ƙafa, Audi kuma yana amfani da Times, mai ƙafa. Ɗaukar ɗaya zai zama an fifita shi a kan ɗayan. Sai aka yanke shawarar zana sabon harafi da bai yi kama da ko wanne ba, aka zagaye masa baki, ya fito a 1979. Volkswagen ya daina amfani da shi a farkon shekarun 1990, amma harafin ya ci gaba da rayuwa a wasu hannaye. Apple ya buga shi a kan maɓallan kwamfutocinsa na tafi-da-gidanka daga 1999 har zuwa 2015, lokacin da ya maye gurbinsa da nasa harafin mai suna San Francisco.

Comic Sans

Babu zagayayyen harafin da ya jawo cece-kuce kamar Comic Sans. Vincent Connare ne ya zana shi a kamfanin Microsoft a 1994. Ya ga samfurin wata manhaja mai suna Microsoft Bob, wadda aka yi domin sababbin masu amfani da kwamfuta, inda wani karen zane yake ba da umarni cikin kumfar magana, amma an rubuta maganar da Times New Roman, harafin jarida. Connare ya ga abin bai dace ba. Ya duba rubutun hannu da ke cikin littattafan labarin zane biyu da ke ofishinsa, The Dark Knight Returns da Watchmen, ya zana nasa a kan allon kwamfuta. Harafin bai samu shiga Bob ba, domin ya fi filin da aka auna wa Times New Roman girma. An sa shi a manhajar 3D Movie Maker, daga nan ya shiga kunshin Plus! na Windows 95, sannan ya zama cikin haruffan da ke zuwa da Windows.

A nan labarinsa ya sauya. Mutane miliyoyi da ba su taɓa zaɓar harafi ba suka tarar da jerin sunaye a gabansu, kuma a cikin jerin akwai Comic Sans mai kama da rubutun mutum. Aka shiga yin komai da shi: katin gayyata, sanarwar makaranta, takardar asibiti, allon gargaɗi, har da rubutun kan kabari. A 1999 wasu masu zane biyu a Indianapolis, Dave da Holly Combs, suka fara kamfe na neman a haramta shi, rabi wasa rabi gaske, bayan an sa su yi amfani da shi a wani aikin gidan tarihi na yara. A watan Yulin 2010 Dan Gilbert, mai ƙungiyar ƙwallon kwando ta Cleveland Cavaliers, ya wallafa wasiƙar fushi kan tafiyar ɗan wasa LeBron James, kuma da Comic Sans ya rubuta ta; mutane suka bar abin da wasiƙar ta ƙunsa suka koma yi wa harafin dariya. Ranar 4 ga Yuli, 2012, lokacin da cibiyar binciken CERN ta sanar da gano ƙwayar zarra ta Higgs, Fabiola Gianotti ta gabatar da sakamakon tawagarta da shi, kuma hakan ma ya zama labari.

Wani ɓangare na sukar yana da tushe a sana'a. Kaurin layin harafin ba ya tafiya daidai, kuma tazarar wasu haruffa ba ta da kyau idan an buga a takarda. Amma an zana shi ne domin allon kwamfuta na shekarun 1990 mai manyan ɗigogi, kuma a can yana karantuwa sosai. Mafi yawan laifin da ake ɗora masa na masu sa shi ne a wurin da ba nasa ba. Malaman firamare suna son sa saboda a da g ɗinsa suna da siffar da yara ke koyon rubutawa da hannu, kuma ƙungiyar Birtaniya mai kula da masu matsalar karatu ta disleksiya tana lissafa shi cikin haruffan da take ba da shawara. Wani bincike da aka yi da yara a Italiya da Faransa, aka wallafa a 2012, ya nuna cewa ƙara tazara tsakanin haruffa kawai yana sauƙaƙa wa masu wannan matsala karatu, kuma Comic Sans harafi ne mai yalwar tazara. A 2014 Craig Rozynski, ɗan Ostareliya, ya fitar da Comic Neue, wanda ya gyara layuka da tazarar na asalin.

A Japan

Salon bai tsaya ga rubutun boko ba. A Japan zagayayyun haruffa rukuni ne mai zaman kansa da ake kira maru goshikku, kuma ba a ɗaukarsa na yara kaɗai. Harafin Nar, wanda Yukihiro Nakamura ya zana kuma kamfanin Shaken ya fitar a farkon shekarun 1970, shi ne aka saba gani a allunan hanya na ƙasar. A cikin shekarun nan ne kuma 'yan mata 'yan makaranta suka ƙirƙiro wani rubutun hannu mai zagayayyun baƙaƙe, wanda ya yaɗu har wasu makarantu suka hana shi. Masu nazarin al'ada suna ganinsa cikin tushen salon kawaii. Rubutun Sinanci ma yana da nasa rukunin mai suna yuanti.

Dalilin da ido ke ganinsu da taushi

A 1929 masanin halayyar ɗan Adam Wolfgang Köhler ya nuna wa mutane siffofi biyu, ɗaya mai tsini ɗaya zagayayya, ya ce su raba musu wasu sunaye biyu marasa ma'ana. Mafi yawa sun ba mai tsini suna mai kaifin sauti, suka ba zagayayyar mai taushi. A 2001 V. S. Ramachandran da Edward Hubbard suka maimaita gwajin da kalmomin buba da kiki, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari suka ce zagayayyar ce buba. A 2006 Moshe Bar da Maital Neta suka wallafa binciken da ya nuna mutane sun fi son abu mai lanƙwasa a kan irinsa mai kusurwa, suka danganta hakan da yadda ƙwaƙwalwa ke ɗaukar kaifi a matsayin alamar haɗari. Sabo ma yana da nasa rabo: wanda ya tashi yana ganin irin waɗannan haruffa a kwalin alewa da littafin aji ɗaya, zai ci gaba da haɗa su da yarinta.

Amfani a aikin zane

Ka'idar da masu sana'ar suka fi bi ita ce a bar zagayayyen harafi a kanu, a kalmomi kaɗan, sannan a rubuta bayanin da harafi mai sauƙi. Idan aka haɗa salon wasa biyu a shafi ɗaya, sukan yi ta ja-in-ja ido ya rasa inda zai sauka. Masu kauri irin Cooper Black sun fi kyau idan aka matse tazararsu kaɗan, kuma sun fi armashi da ƙananan baƙaƙe fiye da manya zalla. Suna jure bugu marar kyau, domin ba su da siraran layukan da za su ɓace, kuma injin yanka sitika ko na ɗinkin tambari yana bin lanƙwasa cikin sauƙi. Inda ba su dace ba shi ne takardun shari'a, sanarwar rasuwa da allon haɗari, wuraren da muryar wasa za ta rage wa saƙo nauyi.

Zuwan wayoyin zamani ya ƙara musu kasuwa. Rumbun Google Fonts ya samar da da yawa kyauta, kamar Nunito na Vernon Adams, Fredoka, Quicksand, Comfortaa, da Baloo na kamfanin Ek Type da ke Indiya, wanda aka zana domin rubuce-rubucen Indiya da dama har da na Larabci. Apple yana da zagayayyen reshe na San Francisco. Manhajar koyon harsuna ta Duolingo ta sa aka zana mata Feather Bold a 2019, wanda aka ɗauko lanƙwasarsa daga fukafukin mujiyar da ke tambarinta, kuma a Janairun 2021 Burger King ya sake tambarinsa da wani kumburarren harafi mai suna Flame wanda ke tuna salon shekarun 1970. Tun da aka shigo da fasahar haruffa masu sauyawa a 2016, fayil ɗaya yana iya ɗaukar siffofi da yawa. Harafin Fraunces, alal misali, yana da ma'aunin da ake ja a ƙara wa kusurwoyinsa taushi ko a rage.

Haruffan Hausa masu ƙugiya

Mai zane da Hausa yana da wata matsalar da takwaransa mai aiki da Turanci ba ya da ita. Rubutun boko yana da ɓ, ɗ da ƙ, kuma a Nijar ana ƙara ƴ a inda Najeriya ke rubuta 'y. Duk suna da gurbi a tsarin Unicode, manya da ƙanana, amma yawancin tsofaffin haruffan kanu an zana su ne domin harsunan Yammacin Turai, babu waɗannan a cikinsu. Idan aka rubuta kalma mai ƙ da irin wannan harafi, kwamfuta takan aro ƙ ɗin daga wani salo, sai a ga siririn baƙi ɗaya a tsakiyar kumburarru, ko kuma ta nuna akwati fanko. Masu buga fosta da katin biki sukan kauce wa matsalar ta hanyar zubar da ƙugiyar, abin da ke mai da baƙi baki, faɗa fada, ƙafa kafa. Wasu kuma sukan zana ƙugiyar da hannu a manhajar zane irin CorelDRAW, ta hanyar yanko lanƙwasar f ko j su ɗora a kan b, d ko k. A kumburarren harafi wannan aiki yana bukatar kulawa, domin ƙugiyar tana cin fili a sama kuma tana iya taɓa harafin da ke biye.

Daga cikin haruffan da suka zo da waɗannan baƙaƙe tun asali akwai Andika, wanda ƙungiyar SIL International ta zana domin masu koyon karatu, mai sauƙaƙan a da g, kuma ana samunsa kyauta. Kafin a zaɓi kowane harafi domin aikin Hausa, hanyar gwaji mafi sauri ita ce a rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ da shi a ga ko duka takwas sun fito da kauri da siffa irin na sauran.